Shaidu Huɗu daga Kwarin Binuwai: Nazari kan Hujjojin Kimiyya na Juyin Halitta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi hujjojin da kimiyya ta dogara da su wajen cewa jinsunan halittu suna sauyawa daga zuriya zuwa zuriya, kuma jinsuna mabambanta sukan fito daga tsatso guda. An ɗauko misalan daga abin da ke kewaye da Yola da Jimeta: zazzaɓin cizon sauro da cutar sikila, nonon shanu, dabbobin kogin Binuwai, da duwatsun da ke tsakanin Numan da Guyuk. Matsayar maƙalar ita ce, ƙarfin hujjar ya samo asali ne daga haɗuwar shaidun da ba su san juna ba a kan magana guda.

Gabatarwa

A makarantunmu na sakandare babin juyin halitta yakan faɗo ne a ajin ƙarshe, ana jajibirin jarrabawa. Malami ya rubuta sunan Lamarck da na Darwin, ya zana raƙumin dawa mai miƙa wuya a jikin allo, ɗalibi ya haddace don ya amsa tambaya, in an fito ya watsar. Da wuya a ga laifin ɗalibin, tun da duk misalan da aka ba shi na wasu tsuntsaye ne a wasu tsibirai na tekun Fasifik, abin da ya sa ya ɗauki batun a matsayin tatsuniyar Turawa. Alhali abin da ra'in juyin halitta ya ƙunsa bai wuce abu uku da kowane makiyayi ya sani ba. 'Ya'yan uwa ɗaya ba sa zama daidai wa daida. Wasu daga cikin bambance-bambancen ana gadonsu. Kuma ba duk abin da aka haifa ne yake rayuwa har shi ma ya haihu ba. Idan wata siffa da ake gado ta sa mai ita ya fi 'yan'uwansa barin baya, to bayan zuriya masu yawa ita ce za ta mamaye garken. Wannan shi ne abin da Charles Darwin da Alfred Wallace suka gabatar a 1858, Darwin ya faɗaɗa shi a littafinsa na 1859. A nan za mu riƙa kiransa tankaɗen yanayi.

Sukan farko da ake yi yana da alaƙa da harshe. Akan ce ai masu abin da kansu ra'i suka kira shi, ba su ce tabbas ba ne. To amma ra'i daban, ra'ayi daban, duk da kusancin kalmomin biyu a baki. Ra'ayi na mutum ne, ya ga dama ya sauya gobe. Ra'i a kimiyya bayani ne da ya tattaro abubuwa masu yawa da aka gani, ya kuma yarda a jarraba shi ta hanyar faɗin abin da za a tarar kafin a je a duba. Cewa ƙwayoyin cuta ne ke kawo kwalara shi ma ra'i ne, kuma da shi ake tafasa ruwa. Hanyar da ta fi dacewa a auna irin wannan bayani ita ce ta alƙali. Shaida ɗaya yana iya kuskure, yana iya ƙarya. Amma idan mutum huɗu daga garuruwa huɗu, waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba, suka zo suka ba da labarin da ya dace da juna har a ƙananan bayanai, alƙalin da ya yi watsi da su shi ne zai kawo dalili.

Shaida daga asibiti

Duk wanda ya kai shekara 40 a Jimeta ya san kulorokwin, da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa wasu. Shekaru da dama shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro, ga araha ga aiki. A ƙarshen shekarun 1950 aka fara ganin ƙwayar cutar da ba ta jin sa a kudu maso gabashin Asiya da kuma Kolombiya. Ta iso gabashin Afirka a 1978, ta shigo yammacin Afirka a shekarun 1980, har a 2005 Nijeriya ta sauya manufarta ta koma kan haɗin magungunan da ke ɗauke da atemisinin. Mutane suka ce jabu ne ya yi yawa a kemis, kuma akwai jabun, amma ko na gasken ya daina aiki. A shekarar 2000 masu bincike suka gano inda gizo ke saƙa: kuskuren kwafi ne a wata ƙwayar gado ta ƙwayar cutar, wanda ya ba ta damar fitar da maganin daga aljihun da take narka jini a ciki kafin ya taru ya kashe ta. Kuskuren bai zo don maganin ba, kwafin DNA ne dama ba ya rasa tuntuɓe jefi-jefi. Abin da maganin ya yi shi ne kashe sauran, ya bar wa masu kuskuren fili.

Da a nan labarin ya tsaya, da wani ya ce bayani ne aka ƙera bayan abu ya faru. Sai dai ra'in ya faɗi wani abu tun kafin a gani. Idan wannan kuskure yana da tsada ga ƙwayar cutar a inda babu maganin, to janye maganin zai sa masu jin sa su sake rinjaye. Malawi ta janye kulorokwin a 1993. Cikin shekara 10 alamar bijirewar ta kusa ɓacewa daga samfuran da ake ɗauka a birnin Blantyre, kuma gwajin da aka buga a 2006 ya nuna maganin ya koma warkar da kusan duk yaran da aka ba. Babu wanda ya koya wa ƙwayar cutar komai a tsakani. Yanayin ne ya juya, tankaɗen ya juya tare da shi. Irin wannan ne ke faruwa da sauron da ya daina jin maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi, kuma shi ya sa rahotannin da suka fito daga Ruwanda da Yuganda tun daga 2020, na raguwar ƙarfin atemisinin, suka tayar wa likitoci hankali.

Sikila ta fi wannan zurfi, domin a jikinmu take. Bambancin da ke tsakanin himoglobin na yau da kullum da na sikila harafi ɗaya ne tak a rubutun DNA mai haruffa kusan biliyan 3. Wannan harafi ke sa jan ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje idan iskar shaƙa ta yi ƙaranci, ta toshe ƙananan jijiyoyi, yaro ya kwana yana kukan ciwon ƙashi. Idan uwa da uba duka AS ne, wato masu ɗauke da gadon ba tare da cutar ba, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS, wato mai cutar. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: gadon da ke kashe yara kafin su kai aure, ta yaya bai ƙare da kansa ba, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da shi? Ruwa ba ya tsami banza. A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa gadon ya yawaita ne a yankunan sauro, bakin teku da gefen tabki, ya yi ƙaranci a kan tsaunuka masu sanyi, kuma yaran AS sun fi jure wa zazzaɓin. Binciken da aka yi daga baya a Kilifi ta Kenya ya nuna kariyar daga zazzaɓi mai tsanani ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Mu ma muna da namu shaidar. A aikin binciken Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar tare da gwamnatin Nijeriya daga 1969 zuwa 1976 a ƙasar da yanzu take cikin Jigawa, an auna jinin mutanen ƙauyuka, aka tarar kimanin jarirai 2 cikin 100 SS ne amma da ƙyar ake samun SS a cikin manya, sannan kason AS ya fi yawa a cikin waɗanda suka girma fiye da na jarirai. Ma'anar wannan a fili take: cutar sikila tana ɗebe SS ta gefe guda, zazzaɓi yana ɗebe AA ta ɗaya gefen, na tsakiya ne suka fi tsira. An ga tankaɗen yana aiki a cikin rayuwar zuriya ɗaya, a ƙasar Hausa.

Shaida daga ruga

Kowace safiya 'yan matan Fulani suna shigowa Yola da Jimeta da ƙwarya a ka, kuma ba mai tsayawa ya yi mamakin babban mutum yana shan madara. Ga masanin halittu kuwa abin mamaki ne. Kusan duk dabbar da ke shayarwa, ɗanta yana da sinadarin da ke narka sukarin madara a hanji, amma da an yaye shi jiki yakan rufe wannan famfo, tun da ba sauran amfani. Haka abin yake ga kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutane a duniya: in suka sha ɗanyar madara da yawa sai kumburin ciki da gudawa. A 1971 Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti da abokan aikinsu suka buga sakamakon gwajin da suka yi a Nijeriya, inda suka tarar kusan duk manyan Yarabawa da Ibo da aka gwada ba sa narka wannan sukari, amma mafi yawan Fulani makiyaya suna narkawa. Ba sabo ne ya kawo haka ba. Daga baya an gano harafin DNA da ya sauya a kusa da ƙwayar gadon, wanda ke hana famfon rufewa.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne wannan sauyi ya faru fiye da sau ɗaya, a wurare daban, da haruffa daban. Makiyayan Kenya da Tanzaniya suna da nasu, kamar yadda binciken Sarah Tishkoff na 2007 ya nuna, makiyayan raƙuma na ƙasar Larabawa suna da nasu, Turawan arewa suna da nasu. Wanda aka samu a jinin Fulani na Mali da Kamaru da Burkina Faso iri ɗaya ne da na Turai, alamar wata tsohuwar cuɗanya ta hanyar arewacin Afirka. Duk inda aka samu, a cikin masu tatsa aka same shi, kuma ƙasusuwan manoman farko na Turai da aka ciro DNA daga jikinsu ba su da shi, wato kiwo ne ya riga, jiki ya biyo baya cikin 'yan dubban shekaru. Mai suka zai iya cewa ai nono da kindirmo sun riga sun yi tsami, sukarinsu ya ragu, kowa yana sha lafiya, to wace fa'ida ce har za ta raba mai rayuwa da mai mutuwa? Tambaya ce mai kyau, kuma masana suna kan muhawara a kanta. Wasu suna ganin fa'idar takan bayyana ne a shekarun yunwa da annoba, lokacin da gudawa kaɗan take kai mai rauni kabari. Muhawarar a kan dalilin yaɗuwar take. Yaɗuwar kanta a rubuce take a cikin jini.

Shanun da ake tatsa su ma shaida ne, ko da yake hannun mutum ne ya yi nasu tankaɗen. Bunaji da Rahaji da Gudalin Adamawa ba haka kawai suka bambanta ba, zaɓen bijimi ne na ɗaruruwan shekaru. Ƙananan shanu marasa tozo na kurmi, irin su Muturu, waɗanda kakanninsu suka daɗe a ƙasar ƙudan tsando, suna jure wa sammoren da ke karya masu tozo. Makiyayin da bai taɓa jin sunan Darwin ba ya san wannan sarai.

Shaida daga kogi

A nan ne mai suka yakan ja daga, kuma sukansa yana da nauyi. Zai ce duk abin da aka lissafa sauyi ne a cikin gida: ƙwayar zazzaɓi tana nan a ƙwayar zazzaɓi, saniya tana nan a saniya. Ina hujjar cewa wani jinsi ya fito daga wani? Amsar tana buƙatar shaida na daban, domin babu mai tsawon ran da zai zauna ya kalli abin da ke ɗaukar shekara miliyoyi. Abin da ake yi shi ne abin da mai bin sawu yake yi, wato karanta alamar da tafiyar ta bari.

Ayu ya ishe mu misali. Masunta na Binuwai sun san shi tun kafin Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya iso Yola a 1851 ya rubuta labarinsa. A ido kamar kifi yake, amma kama da wane ba ta wane. Yana fitowa ya shaƙi iska da huhu, macen tana shayar da ɗanta da nonon da ke kusa da hammata. Idan aka feɗe hannun da yake iyo da shi, za a tarar da ƙashin damtse guda, na sangali biyu, ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu, da jerin yatsu biyar a lulluɓe cikin fata, har da 'yan farata a bakin. Tsarin ƙafar gaban kyanwa ke nan, da fiffiken jemage, da hannun mutum. A can cikin naman bayansa kuma akwai wasu 'yan ƙasusuwan ƙugu da ba su haɗe da ƙafa ba, domin babu ƙafar. Haƙoransa na tauna suna tahowa daga baya zuwa gaba, na gaban su lalace su faɗi, kwatankwacin yadda na giwa ke yi. Daga waɗannan alamu masana ƙirar jiki suka daɗe da cewa ayu ɗan'uwan giwa ne da rema, wannan 'yar dabba da ke shan hantsi a kan duwatsu, kuma kakansa mai ƙafa huɗu ne. Magana ce da za a iya ƙaryatawa ta hanya biyu, kuma an bi duka biyun. A shekarun 1990 aka kwatanta DNA na dabbobi masu shayarwa, ayu ya faɗo a rukuni ɗaya da giwa da rema, rukunin da asalinsa Afirka ne. A 2001 kuma Daryl Domning ya bayyana ƙwarangwal da aka tono a Jamaika, mai shekara kusan miliyan 50, kansa da haƙarƙarinsa irin na dangin ayu, amma da ƙafafu huɗu cikakku da za su ɗauke shi a tudu. Mai duba ƙashi da mai duba DNA da mai tonon dutse, kowa da kayan aikinsa, sun tsaya a wuri guda.

Gaiwa ma haka. Idan fadama ta ƙafe takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da majina da ke bushewa kamar jaka, ta bar 'yar ƙofa, ta yi watanni tana numfashi har ruwan sama ya dawo. Huhu gare ta na gaske, kuma in aka hana ta fitowa saman ruwa sai ta mutu. Tarwaɗa ita ma tana shaƙar iska, amma da wata gaɓa dabam da ke can saman matatar numfashinta a ka, wadda ba ta da alaƙa da huhu. Aikin ɗaya, asalin daban. Da aka karanta DNA na gaiwa sai ya nuna cewa a cikin kifayen da ke raye, danginta ne suka fi kusa da dabbobi masu ƙafa huɗu, har ta fi kusanci da akuya ta fuskar salsala fiye da yadda take da tarwaɗar da suke kwana a tabki ɗaya. Bisa wannan lissafi ne Neil Shubin da abokansa suka ce, in har ra'in gaskiya ne, to a duwatsun tsofaffin koguna masu kimanin shekara miliyan 375 za a sami halittar da ke tsakanin kifi da mai ƙafa. Suka duba taswira, suka nufi arewacin Kanada, suka yi shekaru suna tono, a 2004 suka sami Tiktaalik: ɓawon jiki irin na kifi, amma da wuya mai juyawa, da ƙasusuwan damtse da sangali a cikin fiffiken iyonsa.

A wannan gaɓa ya kamata a taɓo abin da ya fi komai sosa rai, wato mutum. Ra'in bai ce biri ya haifi mutum ba, don haka tambayar me ya sa birai ba su ƙare ba ba ta taso ba, kamar yadda samuwar ɗan baffa ba ta ƙaryata cewa kakanku ɗaya. Abin da masana suka ce shi ne jikin mutum da na cimpanzi, irin wanda ke dajin Gashaka-Gumti, sun rabu daga tsatso guda kimanin shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Suna kafa hujja da abubuwa irin su ƙwaryar kan da aka laƙaba wa suna Tumai, wadda ayarin Michel Brunet ya samo a hamadar Jurab ta Cadi a 2001, da kuma ɗaurin gado na biyu a jikin mutum, wanda aka nuna a 1991 cewa ɗauri biyu ne suka manne kai da kai, abin da ya bayyana dalilin da ya sa mutum ke da tagwayen ɗauri 23, cimpanzi 24. Musulmi da Kirista da yawa a Adamawa suna riƙe da cewa halittar Annabi Adamu ta musamman ce, kuma malaman addinan biyu sun yi rubutu mai yawa a kan yadda za a fahimci nassi tare da waɗannan bayanai, ba su kuma taru a kan magana ɗaya ba. Wannan fage nasu ne. Ma'aunin ɗakin gwaji ba ya auna ruhi, ba ya faɗin manufar halitta, kuma masanin kimiyyar da ya ce ƙashi ya tabbatar masa babu Mahalicci ya tsallake iyakar sana'arsa. Sai dai shi ma mai wa'azin da ya ce ƙasusuwan ƙirƙira ce ya tsallake tasa. Akwai wani sukan da ya cancanci girmamawa, cewa 'yan mulkin mallaka sun fake da sunan Darwin sun jera mutane hawa-hawa, baƙar fata a ƙasa. Sun yi hakan. Amma ilimin gadon da ya tsiro daga wannan ra'i shi ne ya rushe tsanin nasu, da ya nuna cewa duk mutanen duniya daga Afirka suka bazu, kuma bambancin gado da ke tsakanin 'yan Afirka kansu ya fi na kowace nahiya yawa.

Shaida daga dutse

Kwarin Binuwai tsaga ce da ta buɗe a jikin Afirka fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Kudancin Amurka ke ɓallewa daga gare ta. Tsagar ba ta kai ga zama teku na dindindin ba, sai ta riƙa cika da yashi da laka, shimfiɗa kan shimfiɗa. A sama ta rabu biyu, reshe ɗaya ya bi Gongola, ɗaya ya nufo Yola. Dutsen yashin da ake gani a kewayen Yola, wanda masana suka sa wa sunan Dutsen Bima na Gombe, tsofaffin koguna ne suka zuba shi. A kansa, wajen Guyuk da Numan, akwai shimfiɗun da aka raɗa wa sunayen wuraren yankin: Yolde, Dukul, Jessu, Sekule, Numanha, Lamja. Carter da Barber da Tait sun bayyana su a rahoton hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya na 1963. A cikin farar ƙasar Dukul ana samun ɓawon amonayit, wata halittar teku mai naɗaɗɗen gida kamar ƙahon rago, tare da kawa da sauran kayan ruwan gishiri. Dalili kuwa, kimanin shekara miliyan 90 zuwa 95 da suka wuce teku ya malalo ta wannan kwari har ya haɗe da wani ta cikin Sahara. Inda ake noman dawa a yau, ƙasan teku ne a da.

Abu biyu ne a nan suka shafi batunmu. Na farko, jeri. Nau'in amonayit da ke shimfiɗar ƙasa daban yake da na wadda ke samanta, kuma jerin da ake gani a nan shi ake gani a Nijar da Tunisiya da Barazil, har zuwa inda suka ɓace gaba ɗaya shekara miliyan 66 da suka wuce. Masu neman man fetur, irin waɗanda suka haƙa rijiyoyin Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, da jerin ƙananan burbushin halittu suke gane shimfiɗar da bakin injinsu ya kai, kuma kamfani ba ya zuba kuɗinsa a kan tatsuniya. Na biyu, rarrabuwa. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Nijar, an tono ƙaton kada Sarcosuchus da tsawonsa ya haura mita 9, an kuma sami ɗan'uwansa na kusa a Barazil, a duwatsun zamanin da nahiyoyin biyu ba su gama rabuwa ba. Bayan teku ya shiga tsakani sai kowane ɓangare ya kama hanyarsa.

Akan ce waɗannan miliyoyin shekaru ƙiyasi ne kawai. Gaskiya ne akwai kuskure a kowane awo, kuma masu awon suna rubuta girman kuskuren a gefen adadin. Amma a lura da yadda aka samo su. Jerin shimfiɗun duwatsu an tsara shi tun kafin littafin Darwin, a hannun mutane irin su William Smith, mai awon magudanan ruwa a Ingila da ya fitar da taswirarsa a 1815, ba shi da wani ra'i da yake karewa. Agogon da ya ba da shekarun kuma masana fiziya ne suka kawo shi a ƙarni na 20, daga saurin da wasu sinadarai ke rikiɗewa. Na kabon, wanda rabinsa ke ƙarewa a shekara 5,730, shi aka auna kwalekwalen Dufuna na Yobe da shi aka sami kimanin shekara 8,000, kuma ba ya aiki a kan abin da ya wuce shekara 50,000. Don duwatsu akan yi amfani da fotashiyam da yuraniyom, masu tafiyar biliyoyin shekaru. Da jerin na ƙarya ne, da agogon ya tona shi, ya ba shimfiɗar sama shekarun da suka fi na ƙasa. Bai yi hakan ba. Game da giɓin da ke cikin jerin kuwa, akwai shi da yawa, kuma dole a same shi, domin mushen da ya faɗi a daji ungulu da kura da gara ba sa barin komai, sai wanda laka ta rufe nan take ne yake zama dutse.

Giɓi ba ya rushe ra'in. Abin da zai rushe shi sananne ne, kuma yana da sauƙin faɗi: haƙorin saniya, ko ƙashin biri, ko muƙamuƙin ayu, a kwance cikin farar ƙasar Dukul tare da amonayit, ba tare da alamar an binne shi daga baya ba. Guda ɗaya ya isa, kuma wanda ya samo shi sunansa zai zaga duniya. Daga Jimeta zuwa Guyuk tafiyar 'yan sa'o'i ce, ɗaliban ilimin duwatsu na Jami'ar Modibbo Adama ba baƙi ba ne a irin waɗannan wurare. A Ashaka ta jihar Gombe kuma, inda farar ƙasar wannan tsohon teku ta fito a reshen Gongola, tun ƙarshen shekarun 1970 ake fasa ta ana niƙawa don siminti, mota bayan mota. Abin da ke fitowa daga ramin har yau amonayit ne, da kawa, da haƙoran kifi.